Fayif ɗin wuta a saman POP: a kwantar da shi kan silin ko a kama shi daban?

Ɗan Kinkinau:
Assalamu alaikum iyayen gida da 'yan uwa. Don Allah ina da tambaya kuma ta gaggawa ce saboda jibi mai POP zai fara rufewa. Na samu aikin wayarin na wani gida mai bene ɗaya a Millennium City, shi ne aiki na farko da na karɓa da kaina tun da oga ya yaye ni. Ƙasa dekin ne aka zuba, amma fayif ɗin da aka binne lokacin zubi wasu sun toshe da kankare, sannan mai gidan ya canza ra'ayi yanzu yana son ƙananan fitilu na cikin silin guda 12 a falo kaɗai da fanka biyu da wutar nan ta igiya da ke zagaye gefe. Kenan dole in bi da sababbin fayif tsakanin dekin da POP, tazarar ba ta wuce inci 12 ba. Sama kuma katako ne da kwano. To mai POP ɗin ya riga ya kafa wayoyinsa na rataya, ya ce min in ɗaure fayif ɗina a jikinsu kawai ko in bari idan ya jera allunan sai in kwantar a kai, wai haka kowa ke yi. Ni kuma zuciyata ba ta kwanta ba. Me kuka gani?

Baba Mai Waya:
Wa alaikumus salam. Yaro kar ka yarda. Wayarsa ta silin ɗinsa ce, kai ma ka nemi naka abin riƙon. Ina zuwa, bari in idar da sallah in yi maka bayani.

Sarkin POP Rigasa:
Baba da girmanka, amma ni ban ga laifin maganar abokin sana'ata ba. Fayif ɗin roba nawa nauyinsa yake? Wayar da muke ratayewa da filas, zaren nan da muke jiƙawa da kwaɓin POP muna naɗewa da ita, suna ɗaukar allon POP mai nauyin gaske shekara da shekaru bai faɗo ba, sai fayif na 20mm ne zai kayar da shi? Shekara ta sha ɗaya ina wannan aikin, daga Rigasa har Barnawa, kusan duk gidan da na shiga haka masu wuta ke yi, ban taɓa jin silin ya rufto saboda fayif ba.

Baba Mai Waya:
Sarki ai ba maganar rufta ake ba, kai kana kallon abin ta ƙasa ne inda yake fari fes, mu kuma mu ake kira mu shiga ta sama bayan shekara uku. Bari in ba ka abin da idona ya gani a bazarar bara a wani gida nan Tudun Wada. Bireka na faɗuwa kullum da rana tsaka, da daddare kuma lafiya lau. Na hau ta ƙofar silin da tocila a baki wajen ƙarfe biyu na rana, wallahi numfashi ma da kyar, kwano kamar tanda. Da na haska sai na ga fayif ɗin duk sun yi laushi sun lanƙwashe kamar igiyar shanya, an ɗaure su ne da bandin waya nan da can, tsakanin ɗauri da ɗauri ya fi mita uku. A wani wajen nauyin ya janye fayif ya zare daga kofla, wato mahaɗin da ke haɗa fayif da fayif, waya ta fito fili tana zaune a kan bakin fayif ɗin, bakin kuma da zarto aka yanke ba a goge ba, ya ci robar wayar har jan ƙarfe ya leƙo. Gefe kuma ga haɗi da aka yi da salatif ba akwati, salatif ɗin ya narke ya zama kamar ƙaro, ka taɓa ya manne maka a yatsa, ga kashin ɓera ko'ina da ledoji da ya tara ya yi gida dab da wajen. Ban bar gidan nan ba sai da na sa suka kashe layin gaba ɗaya. Yara biyar ke kwana a ƙarƙashin wajen.

Maman 'Yan Biyu:
Innalillahi. Baba kamar gidana kake ba da labari. Ni ba ma'aikaciya ba ce, na shigo zauren nan ne lokacin da muke gini a Unguwar Dosa don in riƙa tambaya. Shekara biyu da tarewarmu sai na fara jin ƙauri a ɗakin yara kamar ana ƙona roba, na duba soket na duba fanka ban ga komai ba, sai wata rana na ɗaga kai na ga tabo ruwan ƙasa ƙarami kamar girman kwabo kusa da fitila. Da aka kira mai gyara ya nemi ta inda zai shiga babu, ba a bar ƙofa ko ɗaya ba a gidan gaba ɗaya, sai da aka fasa POP waje uku kafin a gano inda haɗin yake. Har yau inda aka yi facin ana gani duk fentin da aka shafa. Abin da ya fi min ciwo kuɗin aikin mun biya cif, ba mu yi ciniki ba ma.

Sarkin POP Rigasa:
Allah ya kiyaye gaba Hajiya. Amma ku lura duk labaran nan biyu laifin mai wuta ne da ya yi haɗi ba akwati, ba laifin wayar POP ba ne. Mu ma muna da namu kukan. Sai mun gama kafa layi mun ɗaure lebur ɗinmu sannan mai wuta zai zo yana jan waya da ƙarfi yana taka mana aiki, gobe tsaga ta fito mai gida ya kira mu mu.

Injiniya Barnawa:
Sarki ka faɗi gaskiya kuma ka kawo hujjar da ta karya maganarka ta farko da kanka. Me ya sa silin ke tsagewa idan mai wuta na jan waya? Saboda fayif ɗin a jikin abin ratayarka yake, duk jan da ya yi sai ya girgiza allonka. Da a jikin dekin ya kama shi ko ya ja da ƙarfin mutum biyu kai ba abin da zai same ka. To kun ga raba su ɗin kariya ce gare ku ku biyun.

Ɗan Kinkinau ga abin da ke rubuce. Mu nan tsarin wayarin ɗinmu na Ingila muka gada, BS 7671, shi ake koyarwa a makarantun fasaha. A littafin jagorar da ke tafiya da shi, fayif ɗin PVC mai tauri na 20mm ko 25mm idan a kwance yake kada tsakanin sadul da sadul, wato ɗan maƙalin da ke kama fayif a jikin gini, ya wuce mita 1.5, na ƙarfe kuma 1.75. Dokar Amurka ta fi tsanani a kan na roba, ƙananan fayif ƙafa 3 ta ce wato wajen 90cm, kuma ta hana a ɗora wayarin a kan wayoyin da ke riƙe da silin, in ma waya za ka rataya da ita sai dai ka kafa taka daban a ɗaure sama da ƙasa. Ni a aikina mita ɗaya nake sa yarana su yi, ƙarƙashin kwano kuma na kan rage, sannan dole sadul kusa da kowane akwati da kowane gefe na kwana, wato inda fayif ya lanƙwasa.

Oga Sola Kawo:
Injiniya duk wannan dokar Turawa ce fa, nan Kaduna ne. Mai gida da ke ƙirga maka ko ƙusa nawa ka saya shi za ka ce wa BS kaza? Wani ma zai ce ka cika iyayi ya kira wanda zai yi masa a rabin kuɗi.

Injiniya Barnawa:
Ai don nan Kaduna ne ya kamata mu fi su tsanantawa. Su lissafin wayarsu a kan zafin digiri 30 aka gina shi. Mu a Maris da Afrilu waje ma yana kusantar 40, balle cikin rufin kwano da ba iska. Waya mai rigar PVC iyakarta digiri 70 ne. Idan inda take ya kai 40 abin da za ta iya ɗauka ya koma kashi 87 cikin ɗari, idan ya kai 50 ya koma kashi 71. Ɗauki waya 2.5mm a cikin fayif, a littafi wajen amfiya 24 ce, a zafin 50 ta dawo 17. Ka zo ka cusa layi uku a fayif ɗaya, nan ma a sake cire kusan kashi 30. Gidan da Baba ya shiga ma sa'a aka yi birekar tana faɗuwa. Shi kansa fayif ɗin roba yana miƙewa da zafi ya koma da sanyi, tsawon mita shida zai iya motsa kusan santimita ɗaya tsakanin sanyin asubar hunturu da zafin bazara, in ba a kama shi da kyau ba wannan kai da komon ne ke zare shi daga kofla a hankali.

Kuma ba cewa za a yi ba mu da doka ba, akwai hukumar NEMSA da aka kafa a 2015, aikinta ne duba wayarin da ba masu aikin lantarki shaidar ƙwarewa. Rashin zuwan mai dubawa gidan da kake aiki bai sauke maka nauyi ba.

Oga Sola Kawo:
Na yarda da maganar zafi, don ni ma ina shiga rufi jan wayar fanel ɗin sola, na san yadda yake. Ni dai tsadar nake ji wa yaron, sabon shiga ne kada ya rasa aikin.

Baba Mai Waya:
Wace tsada? Mu lissafa. A ce falon zai ci fayif mita 40, sadul 40 zuwa 50 kenan da fisha, robar nan da ake cusawa a rami don ta riƙe sukuru, da sukuru nasu. Bai kai kuɗin fitilu goma sha biyun da mai gidan zai saya ba. Abin da ake gudu ba kuɗi ba ne, wahalar ɗaga kai a huda kankare sau hamsin ƙura na zubo maka a ido ake gudu, mu faɗa wa juna gaskiya.

Ɗan Kinkinau saurara. A ƙasa inda dekin yake kada ka rataya komai, manna fayif ɗin a cikin dekin kai tsaye. Ka buga layi da zaren alli tukuna, ka huda da bakin 6mm, kada ka zurfafa, tsawon fisha kawai, kuma ka fara gano ta inda tsofaffin fayif ɗin da aka binne suka bi don kada ka huda wanda ke da rai. Ka ji bakin diril ya ci karo da rodi ka tsaya ka matsa gefe, kar ka dage. Ƙusar kankare da guduma ban yarda da ita a sama ba, tana fasa bakin wajen ta zauna da rabi, bayan wata shida ka taɓa ta faɗo. Kwana kuma da sifirin za ka lanƙwasa a gwiwarka, ba ka kunna leda ko kwali ka gasa fayif ba kamar yadda yaran yanzu ke yi, yana tsukewa ta ciki kuma ya yi baƙi ya yi rauni. Kada ka wuce lanƙwasa biyu ba ka sa akwati ba, in ba haka ba ranar jan waya za ka gane. Kofla a shafa gam, amma a dogon layi miƙaƙƙe ka bar guda ɗaya da zai iya zamewa saboda miƙewar da Injiniya ya faɗa. Daga akwati zuwa fitila sai ka sauko da ɗan gajeren fayif mai lanƙwasa, shi kaɗai ne aikinsa, ba a bin ɗaki guda da shi.

Ɗan Kinkinau:
Allah ya saka da alheri Baba, ina rubutawa a littafi. To inda bim ya gitta fa? Akwai bim biyu a falon da suka sauko ƙasa da dekin sosai, ga kuma fayif ɗin AC da mai sanyi ya riga ya bi da su.

Injiniya Barnawa:
Bim kada ka kuskura ka fasa shi ko ka huda shi gefe zuwa gefe, shi ke ɗauke da benen. Ka zagaye ta ƙarƙashinsa ka kama da sadul a jikinsa, amma ka fara tambayar mai POP lebur ɗinsa don kada fayif ɗin ya sauko ƙasa da layin silin. Idan fayif ɗin suna da yawa tafiya ɗaya, kamar waɗanda ke fitowa daga DB, akwatin birekoki da ke rarraba wuta, sai ka sa rodi mai zare guda biyu da anka a dekin ka gitta ɗan ƙarfe a tsakaninsu ka jera su a kai ka kama. Ko a Panteka za a yanka maka angul a huda maka yadda kake so. Fayif ɗin AC kuma ka bi ta samansa ba ta ƙasa ba, yana gumi yana ɗiga.

Wani abu da nake so matasa su sani. Sadul na ƙarfe ya fi, aƙalla a hanyar fita, korido da matakala da bakin ƙofa. A 2010 an yi gobara a wani dogon bene mai suna Shirley Towers a Southampton ta Ingila, 'yan kwana-kwana biyu suka rasu, cikin abin da ya jawo har da wayoyin da robar da ke riƙe da su ta narke suka zubo suka sarƙe mutane cikin hayaƙi. Bayan nan aka gyara dokar, bugun 2018 ya ce duk wayarin a kama shi ta yadda ba zai zubo da wuri ba idan gobara ta tashi. Ka tuna gidajenmu duk tagogi da ƙarfen tsaro, ƙofa ɗaya ce mafita.

Kafinta na Panteka:
Na ga kun tsaya a dekin kun manta sama. Ni roƙona ga masu wuta ɗaya ne, ku daina sassaƙe mana katako. Na sha zuwa in tarar an fafe tu-bai-fo har rabi wai don fayif ya wuce, alhali shi ke riƙe da rufin. A bi ta gefen katakon ko ta samansa a kama da sadul da sukuru, inda tazara ta yi faɗi ku ce a gitta muku tu-bai-tu, minti biyar ne. Kuma ku nisanci jikin kwano, ku yi ƙasa kusa da tai-bim, katakon da ke kwance a ƙasan rufin, inda zafin ya fi sauƙi, sannan ranar da za a canza kwano ƙusa ba za ta same ku ba. Fanka kuma don Allah, ƙugiyarta a jikin katako mai kauri da bolt, na taɓa ganin wadda aka ɗaure a nogin, siririn katakon silin, da bandin waya ninki huɗu.

Sarkin POP Rigasa:
A kan fanka kam ba musu, ni kaina ba na rufe waje sai na ga ƙugiyar da idona na ja ta da hannu, don in ta faɗo sunana ne zai ɓaci. A dekin anka bolt ko ƙugiyar da aka binne tun zubi. To Baba tambaya, in mai wuta ya kafa tasa ƙusar daban ya rataya da bandin waya tasa, bai taɓa tawa ba, shi ma laifi ne? Don wani wajen tazarar ta kai ƙafa uku ko huɗu.

Baba Mai Waya:
Ya fi na farko dama-dama, ba zan ce ban taɓa yi ba a da. Amma na daina. Bandin waya tana tsatsa, mu kuma damina a nan doguwa ce, ɗan yoyo kaɗan ya isa. Tana lilo idan ana jan waya, kuma idan ka murɗa ta da filaya ta kama sosai sai ta shige jikin fayif in ya yi laushi. In tazarar ta yi yawa ai ba dole sai fayif ya sauko ba, ya zauna a sama abinsa, akwati ne kawai za ka sauko da shi a kan rodi.

Injiniya Barnawa:
A nan ni da Baba muka ɗan saɓa, ni ko dama-daman ban yarda a ce ba, don yaro na jin haka zai ɗauka an halatta. Rodi ko bireket kawai.

Oga Sola Kawo:
Tunda ana yi a yi gaba ɗaya. Ɗan Kinkinau ka tambayi mai gidan tun yanzu ko zai sa inbata, in eh ka raba masa layin fitilu da fanka da talabijin daga na AC da hita, ka bar fayif 25mm guda ɗaya ko biyu babu komai ciki sai waya ta ja, daga inda batir zai zauna zuwa DB da zuwa rufi. Mu ne ke shan wahala daga baya muna bin bango da tirankin, kwaroron robar nan da ake mannawa a fili, gida ya yi muni. Wayar kyamara da ta intanet da ta dish su ma fayif ɗinsu daban, kar ka haɗa da na wuta.

Maman 'Yan Biyu:
Ku yi masa maganar ƙofar shiga don Allah, ita ce ta fi damuna.

Baba Mai Waya:
Hajiya ta yi gaskiya. Sama dole manhol, ko a korido ko a sito, wanda mutum zai shiga da kafaɗunsa. Ƙasa mai inci 12 ba mai shiga, to dabarar ita ce kada ka yi haɗi ko ɗaya a inda hannu ba zai kai ba. Duk haɗi ya zama a bayan suwic ko a daidai ramin fitila, cikin ɗan akwati da kanekta, ka bar wayar da ɗan tsawo yadda in an ciro fitilar za a iya jawo haɗin waje a duba. Tiransifoman wutar igiyar nan ma shi ne ya fi saurin mutuwa, ka ajiye shi inda za a miƙa hannu ta cikin lungun a ɗauko. Kafin a rufe ka zagaya da wayarka ka ɗauki hoto da bidiyo na kowane ɗaki ka tura wa mai gida ka ajiye naka. Ka toshe bakin kowane akwati da takarda don masu POP in suna watsa kwaɓinsu ba sa duba inda yake sauka, Sarki ka yi haƙuri.

Sarkin POP Rigasa:
Ba komai Baba, wannan kam muna yi.

Ɗan Kinkinau:
Salam, na dawo da bayani. Jiya na sami mai gidan a wajen aiki na nuna masa saƙon Baba na gidan Tudun Wada da na Hajiya, ya yi shiru ya karanta har ƙarshe sannan ya ce nawa ne ƙarin. Ya ba da kuɗin sadul na ƙarfe da fisha da rodi shida, ya ce wa mai POP ya ƙara min kwana biyu, shi kuma bai ji daɗi ba don yana da wani aikin a Malali amma ya haƙura ya fara da ɗakunan da na gama. Yau ni da yarona mun yi huda 63, wuyana kamar ba nawa ba, amma na kama fayif ɗin na ja da ƙarfi ko motsi bai yi ba. Saura matsala ɗaya, manhol na sama. Ya yarda a sa amma matarsa ta ce ba ta son ganin murabba'in nan a korido, sito kuma rufinsa ya yi ƙasa sosai ta wajen mutum ba zai iya wucewa ba.

Sarkin POP Rigasa:
Wannan aikinmu ne. A yi masa firem na alminiyom a zuba murfin da POP ɗin kansa, a zagaye da siririn layi irin adon da ke sauran koridon, sai an nuna wa mutum zai gane. Ka ce wa mai POP ɗinka ya bar 60 da 60 tsakanin katako biyu, kafinta ya gitta masa tu-bai-tu ta kowane gefe. In bai taɓa yi ba ka yi min magana ta gefe, ranar Asabar ina da awo a Ɗanbushiya, sai in biyo in nuna masa.